Irin Albasar Baba da Ragar Goronyo

Ni mai gyaran injin ban ruwa ne a Wurno. In inji ya yi tari a fadama ni ake nema, in ya mutu ni ake zagi. Mutane suna kirana Injiniya, ko da yake takardar da na mallaka a duniya ita ce ta haihuwa, ita ma ɓera ya cinye gefenta. Saboda ɓeran nan ne na kawo mussa gida, wadda mutanen gabas ke ce wa kyanwa ko mage.

Ranar da na kawo ta, a aljihun rigata ta zo. Ta yi aikin kama ɓeraye wata guda cur, daga nan ta yi ritaya ta koma haihuwa. Kafin shekara huɗu babu gidan da ba jininta a layinmu. Wata ta tafi gidan mai bandar kifi, wata gidan liman, wata fara sol ta koma wurin Malama, ma'aikaciyar jinya 'yar kudancin Kaduna da ke haya a gidan da ke kallon nawa. Mussoshin layinmu kuwa suna da wata ɗabi'a: in ɗaya ta kashe maciji, gida biyar ke cewa tasu ce, in ta ɗauke ɗan tsako, marainiya ce, ba wanda ya taɓa ganinta. Sun ci kifi, sun sha nono, sun kwanta a kan wanki, sun yi dambe a kan kwano har mutum ya ɗauka ƙanƙara ake yi. Duk muka haƙura, don ba wanda zai ɗaga wa mussa hannu a garin nan ya yi barci da daɗi.

Katanga ɗaya ce tsakanina da Baba. Dattijo ne, sa'an mahaifina, manomin albasa tun kafin a kawo injin farko fadama. Albasarsa ja ce, mai ƙarfin wuya, irin wadda za ka ajiye a rudu, wato rumfar ajiyar albasa, ta yi wata da watanni ba ta yi laushi ba. Ba ya sayen iri a kasuwa. Nasa ne, daga hannun mahaifinsa ya karɓe shi, kowace shekara yana barin wasu kawuna su yi fure ya tara ƙwayar. Shi kuwa irin albasa ba ya jira: in ya wuce shekara ba a shuka shi ba, ya mutu a cikin kwalba.

A shekarar da nake ba da labari, ruwan sama ya huda rufin rudunsa, albasar da ya ajiye ta ruɓe har ta ƙarshe. Abin da ya rage masa daga irin mahaifinsa duk duniya shi ne baƙar ƙwaya cikin wata tsohuwar kwalbar zuma. Fadama kuma ruwa bai janye ba tukuna, ga gwiwa ta fara yi masa gardama. Sai ya ce bari ya yi renon irin kusa da gida, a kangon da ke bayan gidajenmu, in ya girma ya kai fadama ya dasa.

Na tsaya na kalli yadda ya gyara fangalin, wato ɗan filin da zai zuba irin. Ya tankaɗe ƙasa da rariya kamar garin tuwo, ya gauraya da tsohon takin awaki da toka, ya daidaita da tafin hannu. Wallahi katifar da na saya wa maiɗakina ba ta kai wurin nan laushi ba. Ya kasa irin gida uku, ya yayyafa kashi ɗaya, ya mayar da sauran cikin kwalba, ya ba shi ruwa da gwangwani mai huji.

Washegari rana ta ɗan ɗaga, ina shan kunu, na ji murya ta kan katanga.

"Injiniya! Kana ciki?"

"Ina nan, Baba. An tashi lahiya?"

"Lahiya ta yi ƙaranci. Zagayo ka ga aikin ɗiyanka."

"Ɗiyana sun tahi makaranta, Baba."

"Ba masu ƙahwa biyu ba."

Na zagaya. Fangalin nan ya koma kamar an yi kokawa a cikinsa: rami nan, tudu can, kowane tudu kuma da ajiyar da aka binne a ƙarƙashinsa. Mussoshin unguwa sun daɗe suna fama da ƙasarmu mai tauri, yau Allah ya kawo wanda ya tankaɗe musu.

Na ce, "Baba, wannan ba tawa ba ce. Tawa tana da tarbiyya. Ko tari za ta yi sai ta juya baya."

Sai ya nuna katanga da haɓa. Ga ta nan zaune a sama, tana lasar ƙafa, toka har gwiwarta.

"Halan ta zo jaje ne," in ji ni.

"Halan," in ji Baba.

Muka fara yaƙi. Na sassaro ƙaya na zagaye wurin. Mussoshin suka bi tsakanin ƙayar kamar masu tsallake ruwan kwata da sabon takalmi, ba wadda ta ji ciwo. Mutum biyu kaɗai ƙayar ta kama, ni da Baba. Malama ta leƙo da kayan aikinta a jiki, ta ce a garinsu garin barkono ake barbaɗawa.

Na ce, "Malama, taki ma hwa tana cikin masu laihi."

Ta ce, "Tawa? Injiniya, ka ji tsoron Allah. Tawa a kwano take cin abinci."

"Ba wurin ci muke magana ba, Malama."

Ta yi dariya har ta riƙe ƙofa, ta shiga ta kawo mana barkono cike da kofi. Muna cikin barbaɗawa iska ta juyo. Na yi atishawar da ta tayar da tattabarun liman. Baba kuwa hancinsa ya toshe, ya yi mako biyu bai san bambancin daddawa da turare ba. Mussoshin suka yi hutun kwana biyu, raɓa ta kwantar da barkonon, suka dawo aiki. Kashi na farko ya tafi ke nan.

Baba ya sake tankaɗe ƙasa ya zuba kashi na biyu. Wannan karon bai yarda da kowa ba. Da yamma ya rufe fangalin da zana ya danne da duwatsu, da rana ya ɗauko kujera ya zauna da sanda. Ranar bakwai ya kira ni in gani. Tsiron ya fito siriri kamar allura, kowanne ya lanƙwasa kai kamar mai gaisuwa. Dattijon nan ya durƙusa yana kallonsu yadda ake kallon jika. Amma matsala ta taso: tsiro ba ya son a danne shi da zana, yana son iska da rana, shi kuma Baba ba zai zauna a kan kujera kwana arba'in ba salla ba kewayawa ba.

Na bugi ƙirji na ce ya bar mini. Ni da nake tayar da injin da ya shekara a cikin laka, mussa ce za ta gagare ni?

Ranar ina da gyara a Goronyo, kusa da madatsar ruwa. A can nake da taubashi, ɗan gwaggona, masunci, wanda tun muna yara ba mu taɓa faɗa wa juna maganar kirki ba. Na same shi a bakin ruwa yana ɗinkin raga, gefensa kuma ga wata tsohuwa a dunƙule, ta gama aiki. Ina ganinta dabara ta faɗo mini. Raga! Rana ta shiga, iska ta shiga, ruwa ya shiga, mussa ba ta shiga. Na kwashe labari na faɗa masa.

Ya dube ni, ya dubi ragar, ya sake dubana. "Mussoshi za ka kora da wagga?"

"Da ita. Kai ba ka san aikin ƙwaƙwalwa ba, kihi ya cinye taka."

"Ɗauka, bawana," in ji shi. "Kyauta na ba ka. Allah shi ba da sa'a." Ya juya baya, kafaɗunsa suna rawa. Na ɗauka tari yake yi.

A nan ya kamata in kare kaina kaɗan. Mutumin da ya shekara ashirin hancinsa a cikin fetur da baƙin mai ba ya jin warin komai. Ko mushen jaki na wuce sai an nuna mini. Baba kuwa har lokacin barkonon Malama bai sake shi ba. To mu biyu, marasa hanci, muka kafa turaku kewaye da fangalin, muka shimfiɗa ragar da ta shekara goma tana rungumar kifi, muka ɗaure ta tamau kamar gidan sauro. Na ja da baya na yi jawabi. Na ce daga yau manoman Rabah da Achida za su riƙa zuwa koyon wannan fasaha. Baba ya ce Allah ya yi mini albarka. Ya ɗauke kujerarsa ya shiga gida.

Da safe ba Baba ne ya kira ni ba, Malama ce, za ta wurin aiki. "Injiniya, fito ka ga taro!"

Ban taɓa sanin akwai mussoshi haka a ƙasar Sakkwato ba. Na ga namu, na ga na bakin kasuwa, na ga wani muzuru mai ido ɗaya da na rantse daga Lahodu ya taho a ƙafa. Sun hau ragar sun kwanta, nauyinsu ya kai ta ƙasa, suna birgima, suna goga kumatu, suna tauna igiya, ƙarnin kifi ya ɗauke musu hankali. Tawa tana tsakiya, ta miƙe ƙafafu sama kamar mai gida.

Muka kore su. Muka ɗaga ragar. Tsiron nan da jiya-jiya yake gaisuwa ya kwanta cikin ƙasa, a murje. Baba ya durƙusa ya bi layi da yatsa yana neman mai rai. Bai samu ba.

Na buɗe baki zan yi wasan da na saba, sai na ga fuskarsa, na rufe. Ya sa hannu a aljihu ya fito da kwalbar, ya ɗaga ta ga haske. Abin da ke ciki ba zai cika tafin hannu ba.

"Wanga iri ya girme ka, Injiniya," in ji shi a hankali. "Ya girme ni. Ban so shi ƙare ga hannuna ba."

Ya kwance ragar da kansa, ya ƙi in taya shi. Ya dunƙule ta, ya ja ta har gindin katangata, ya tattara ƙarfin da ya rage masa ya wurga ta cikin gidana. Ya shige nasa.

Maiɗakina ta same ta a tsakar gida, kusa da turmi. Ita Allah ya bar mata hancinta.

"Malam, mi ne ne wannan? Wa ya mutu?"

"Raga ce."

"Na ga raga ce. Ka hitar da ita ko in sa mata wuta."

Na ce in na dawo, don ana jirana a fadama. Ban dawo ba sai la'asar. Ina shigowa na tarar da ita a bakin ɗakin girki da muciya a hannu kamar mai gadin banki, taron safe kuma gaba ɗaya ya tare a tsakar gidana, har da mai ido ɗaya.

Ban kwashe ragar a ranar ba, don raina ba daɗi. Baba yana amsa sallamata, amma iyakarta ke nan. In na yi wasa sai ya dubi ƙasa. Ya bar kangon, ya bar rariyarsa a jingine, ga kwanaki suna tafiya. In lokacin reno ya wuce, ko an shuka ba za a samu dashe a kan kari ba.

Kwana biyu bayan haka Malama ta tsayar da ni a ƙofa. "Ka lura kuwa? Tun da abin nan ya koma gidanka, ban ga ko ɗaya a kango ba. Tawa ma sai dai in leƙa gidanka in gaishe ta."

Na je kangon na share fangalin da tafin hannu, na bar shi sumul. Washegari na duba: ba sawu ko ɗaya. Na sake kwana, na sake dubawa: sai sawun ƙadangare. Na tafi zauren Baba na zauna ƙasa.

"Baba, na zo da magana."

"In dabara ce, koma da ita."

"Ba tawa ba ce, taka ce. Kai ka jehwa ragar." Na faɗa masa abin da na gani. Na ce ya ba ni kwana arba'in, zan riƙe masa kowace mussa ta garin nan a cikin gidana, shi kuma ya zuba abin da ya rage.

Ya ja carbi, ya dube ni. "Uwar ɗiyanka ta sani?"

"Za ta sani."

"To je ka hwara da can. In ka hito da rai, ka zo mu yi magana."

Tattaunawar da na yi da maiɗakina ta fi kowane gyaran inji wuya. Ta saurare ni har ƙarshe, muciya a cinya. Da na zo kan kwalbar da abin da Baba ya ce, sai ta sassauto, don marigayiya matar Baba ce ta yi mata wankan jego na fari. Ta ce ta yarda, amma da sharaɗi: shara tawa, wanke tsakar gida nawa, duk abin da suka ci daga tukunya kuma daga rabona za a cire.

Na yi sawu shida a babur ina ɗebo rairayin gulbi, na zuba a gindin darbejiya can ƙarshen gida, na tankaɗe shi da hannuna, don kada su yi kewar na Baba. Na rataye ragar a reshe ta sauko har ƙasa. Washegari da safe Baba ya ce bisimilla, ya juye kwalbar har ya bubbuga gindinta.

Kwana arba'in ɗin nan, in na ce zan ba da labarinsu duka sai mu kai wata damina. Kowace tukunya a gidan ta samu dutse a kan murfi. Takalmina ya zama wurin barcin jarirai. Na rame, don kusan kullum sai an ce mini naman da ke rabona wani baƙo ya riga ni. In na je masallaci, sahun da nake yakan yi faɗi, mutane suna ba ni wuri da ladabin da ban saba gani ba. Na aika wa taubashina saƙon zagi ta hannun direba. Ya amsa da wata ragar da ta fi ta farko ɗoyi, wai gudummawa.

Sai kuma ga wata sabuwa. Mako biyu da farawa, maƙwabta suka fara sallama. Gero ya shigo rumbu, ɓeraye sun ji gari ba hukuma. Mutanen da suka sha rantsuwa ba su da mussa, yanzu kowa ya san tasa har da launin wutsiya.

"Injiniya, ka sake muna mussarmu, ɓera ya hana mu sakat."

"Wace ce taka, Alhaji? Ba kai ka ce marainiya ce ba ranar da ta ci kihin mai banda?"

"Bar tone-tone. Waccan mai baƙin kunne."

Na koma raba ma'aikata. Bayan la'asar in sa mussa a buhu in kai gidan da aka nema, a rufe ta a ɗakin hatsi, da safe a buɗe ta dawo wurin raga da gudu. Liman ya ce tun da yake bai taɓa ganin mussa mai zuwa aikin kwana ba.

Sau ɗaya na tsorata ƙwarai. Wajen kwana na ashirin aka yi ruwan ƙarshe na shekara, mai ƙarfi, ya wanke ragunan tas. Da gari ya waye na ga taron ya ragu, na ɗaga kai sai ga uku a kan katanga sun juya fuska wajen kango, tawa ce a gaba. Na fita ba hula, na faɗa gidan mai banda na ce ta taimake ni da ruwan da ta wanke kifi. Ta ce shekararta talatin tana wannan sana'a, yau ne aka fara roƙonta shi. Na dawo da bokiti biyu ina tangaɗi, na sheƙa wa ragunan, rabi a jikina. Ukun nan suka shinshina iska, suka yi shawara, suka sauko. Ranar a zaure na ci abinci, bisa umarni.

Ta kan katanga nake leƙen fangalin. Allurai suka miƙe, suka yi ganye biyu, suka yi uku, wurin ya yi kore shar. Baba ya koma amsa wasa, da farko da hanci, daga baya da haƙora.

Ranar cirewa ya kira ni tun da hantsi. Ya jiƙa ƙasar sosai, ya riƙa zaro tsiron a hankali, kowanne kaurin tsinken tsintsiya mai kyau, da ɗan farin kai a ƙasa. Ya ɗaure su dami-dami da kaba. Ba su da yawa. Gonar da ta saba cin fangali masu yawa, bana kusurwa ɗaya za ta samu.

Na ce, "Baba, ba za su kai kasuwa ba."

"Wa ya ce maka kasuwa za su? Ko ɗaya ba ni saidawa. Waɗanga duka uwaye ne."

Na ɗauke shi a babur, damunan a cikin kwando a tsakaninmu, an rufe da jiƙaƙƙen buhu. Bai taɓa yarda ya hau bayana ba sai ranar, kuma tun daga gida har fadama yana faɗa mini in rage gudu, alhali wata tsohuwa da tulu a kai ta wuce mu. Na tayar masa da inji, ruwa ya bi ta kwari ya shiga fangali na farko, ƙasa ta sha ta yi laushi. Ya naɗe wando, ya shiga, ya soka yatsa cikin laka, ya sa tsiro na farko ya danne gindinsa. Ya tsaya yana kallonsa. Sannan ya zaro wani daga damin ya miƙo mini.

"Shigo ka dasa."

"Ni, Baba? Ban taɓa ba."

"Na sani. Yadda ka ga na yi za ka yi, kar ka ƙara komi naka."

Na cire takalmi na shiga. Na soka yatsa, na sa, na danne, na matsa gaba, ina jin kaina manomi ɗan manomi. Da na kai ƙarshen layi na waiwaya in ga aikina, sai na ga Baba yana biye da ni a duƙe, yana tuge duk wanda na dasa yana sake dasa shi daidai, yana dariya har hularsa na neman faɗawa cikin ruwa.